Tsakuwa Mai Ƙyalli

Talata, 3 ga Satumba, bakwai na safe

Tarwaɗa arba'in da biyu, duk da ransu. Ruwa garau, ma'aunin tsaminsa shida da ɗigo huɗu. Latas na gado na biyu ya isa tsinka.

Don irin waɗannan layukan na sayi littafin nan, ba don hira ba. Wata biyar ke nan da na kafa lambun a bayan ɗaki: tanki ɗaya na kifi, gangunan roba uku da aka tsaga aka cika da tsakuwa, su nake kira gadaje, sai ƙaramin famfo mai aiki da hasken rana. Kifi su yi kashi, famfo ya kai ruwan gindin ganye, ganye ya sha abin da yake so, ruwa ya komo wa kifi a tace. Ko cokali ɗaya na ƙasa babu a ciki, kuma dalilin yin abin ke nan gaba ɗaya. Wanda aka haifa a Yargalma ba ya buƙatar a gaya masa me ya sa mace za ta ƙi yarda da ƙasa.

Matan Bukkuyum sun zo kallo kamar an kawo wasan kura. Suka yi salati, suka ce boko ya taɓa ni, suka tafi da alayyafo a bakin zane.

'Yata Nusaiba ba ta sha kokonta ba. Kwana uku tana amai. Mai kemis ya ba da maganin zazzaɓi. A garin nan ko ƙafa ka karya, da shi za a fara. Zinatu maƙwabciyata, da cikinta na wata bakwai, ta leƙo karɓar ganye ta ce baki ne, mutane sun cika zancen lambun. Na ce mata in bakin mutane yana sa amai, da tuni gwamnati na kwance.

Alhamis, 5 ga Satumba, bayan la'asar

Arba'in da biyu. Shida da ɗigo huɗu.

Kowane gado yakan cika da ruwa a hankali, in ya kai baki sai bututu ya zuƙe shi gaba ɗaya da wata ƙara kamar gyatsar tsoho bayan walima. Tun ranar farko Nusaiba ta ɗora wa kanta aikin koya masa ladabi. Ko ina take, in ta ji, sai ta rugo ta nuna shi da yatsa: "Ce alhamdu!" Shekararta uku da wata biyu, amma ta fi liman tsanani. Ita ta sa wa babban tarwaɗan suna Modibbo, saboda gashin bakinsa. Kowace safiya sai ta gaishe shi kafin ta gaishe ni.

Yau gado ya yi gyatsa sau uku tana zaune a kan ragowar tsakuwar da muka tara a gindin dogon yaro. Nan ne wurin wasanta, nan take dafa mini tuwo da duwatsu, tana son su don suna ƙyalli in rana ta haske su. Ba ta ɗago ba.

Na ce, Nusaiba, ba ki ji marar kunya ba? Ta dube ni kamar na yi mata magana daga ƙetaren gulbi.

Asabar, 7 ga Satumba, azahar

Ta sandare a hannuna da hantsi. Muna asibitin Anka.

Litinin, 9 ga Satumba, sha ɗaya na safe

Ban san tsamin ruwa ba yau.

An ɗebi jininta. Wani ma'aikacin lafiya, Malam Jibo, mai magana a hankali kamar yana tsoron kada kalma ta fashe masa a baki, ya zauna da takarda ya yi mini tambayoyin da na san su tun shekara goma sha huɗu da suka wuce. Akwai mai haƙar zinariya a gidan? Babu. Ana niƙa dutse kusa da ku? A'a. Mijinki fa? Malamin makaranta ne, Zayyad, mutumin Gummi, iyayensa shinkafa da kamun kifi suka sani. Abincin yarinya?

A nan na yi masa lacca. Na gaya masa ganyen da 'yata take ci bai taɓa ganin ƙasa ba, na zana masa tanki da bututu a bayan takardarsa, har na ambaci digirina, don kada ya ɗauka da wata yake magana. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya juya takardar ya nuna mini lamba.

Ɗari da goma sha takwas a jininta. Daga arba'in da biyar ake fara magani.

Ya faɗi sunan abin. Ba zan rubuta shi a littafin kifi ba. Gubar nan ce ta dutsen zinariya, wadda ta share yaran ƙauyenmu a shekarar da nake aji uku a makarantar kwana. Na komo hutu na tarar an naɗe tabarmar ƙanena Atiku an jingine ta bayan ƙofa. Shekararsa biyu. Ba wanda ya auna nasa jinin.

Laraba, 11 ga Satumba, la'asar

Zayyad yana kai da komo tsakanin nan da gida. Hanyar ba ta da kyau, kuma ba ramuka nake nufi ba. Ya ce in an kai wani daji direba yakan kashe rediyo, kowa ya kama tasbihi.

Ina ba shi umarni ta waya: tafin hannu biyu na abincin kifi da safe, ɗaya da yamma, a goge ƙura daga farantin sola. Matar gadon kusa da namu tana jin ina tambayar lafiyar Modibbo, ta ce Allah ya ba tsohon lafiya. Na ce amin.

Inna ta zo daga Yargalma ta tsare mana gida. Karo na farko da ta taka gidan tun da na kafa lambun. Na so a ce ina nan lokacin da za ta gan shi. Wata biyar ina shirya fuskar da zan yi.

Nusaiba takan buɗe ido. Tana kallon wani wuri kaɗan a bayan kafaɗata.

Juma'a, 13 ga Satumba, bayan azahar

Na zo gida ɗaukar kaya, Zayyad yana wurinta.

Na tarar da Inna a bayan ɗaki, zaune a ƙasa kusa da gado na farko. Ba ganyen take kallo ba. Tumatir ya yi ja, rama ta kai ƙirji, ko sau ɗaya ba ta dube su ba. Tsakuwa ɗaya ce a tafinta. Na gaishe ta, ta amsa a taƙaice. Ni ce 'yar farinta, ba ta taɓa kiran sunana ba, "ke" ce ni tun ina goye.

"Ke. Ina kunka samo dutsin ga?"

Na ce daga gulbi, Baban Nusaiba ya kawo.

"Gulbi ba shi haihuwar dutsi mai kaifi. Miƙo hannunki."

Ta ɗora mini shi. Sannan ta laluba gindin katanga ta ɗauko wani dutse mai girmansa ta ɗora mini a ɗaya hannun. Ba ta ce komai ba. Na tsaya da hannu biyu a buɗe kamar mai addu'a. Na dama ya rinjayi na hagu sosai. Wata biyar ina juya tsakuwar nan da hannuna, ban taɓa tambayar me ya sa ta fi girmanta nauyi ba.

Na ce, Inna, kin tabbata? Har da wata murya ta masu ilimi na faɗa.

"Irinai nid daka," in ji ta. "Maza su hwasa shi da guduma su kawo muna cikin gida, mu mu daka. Cikin turmin da nika dakan hura. Atiku na bayana."

Shekara goma sha huɗu ban taɓa ce mata komai ba, amma a zuciyata na yanke mata hukunci tun ina yarinya: jahilci. A kan wannan kalmar na gina karatuna. Ni a littafi na san abin, na san lambarsa da alamarsa da yadda yake shiga jini. Ban taɓa riƙe shi a hannu na gane shi ba.

Gado ya yi gyatsa. Na je na zare wayar famfon. Sannan na tuna kifi ba za su kai gobe ba in ruwa ya tsaya, na mayar.

Dalma. Ga shi na rubuta.

Asabar, 14 ga Satumba, hantsi

Anka. Na kira Zayyad gindin itacen da ke bayan ɗakin yara. Na ba shi dutsen ban ce komai ba, dabarar Inna. Bai gane ba. Mutumin Gummi ne, in ka ba shi ruwa zai gaya maka na wace fadama ne, amma dutse duk dutse ne a wurinsa.

Da na tambaye shi inda ya samo tsakuwar, ya faɗi gaskiya nan take, ba ya iya ƙarya in ana kallonsa. Lokacin da na ce a kawo tsakuwar gulbi, bakin gulbin ba ya zuwuwa, a makon aka kwashe masu ɗiban yashi. Sai abokinsa Bature mai tifa ya ce akwai tsibi guda a wajen Tungar Daji, duwatsun da masu zinariya suka fasa suka zubar don ba su ga alama a ciki ba, girmansu daidai da abin da na kwatanta, kamar kan babban yatsa. Ya ce an ma wanke su, ba dutsen da ya kai su tsafta. Zayyad ya ji kunyar ya ce mini ya ji tsoron gulbi, sai ya ce daga can suke.

"Habsu, ke kika ce ƙasa ce matsala. Wannan dutse ne."

Na bar shi a nan yana kuka, babban mutum, ɗalibai suna kiransa malam. Na koma ciki na gyara wa Nusaiba zane.

Abin da ban gaya masa ba: ranar da aka sauke tsakuwar na ga tana da kaifi, na ga ƙyallin. Na ce a raina, kai, za ta yi kyau a hoto. Na wanke ta sau uku, na ɗiga mata ruwan tsami don in ga ko farar ƙasa ce, kamar yadda littafi ya ce, ba ta yi kumfa ba, na ba ta shaida. Littafin wani ne ya rubuta shi a ƙasar da ba a haƙar zinariya a bayan gida. Sannan duk mako ina matse lemun tsami a ruwan don ganye ya ji daɗi, ruwa mai tsami kuwa shi ke narkar da abin. Ragowar kuma ni na ce a tara ta a inuwa, yarinya ta samu wurin wasa da ba ƙasa ba.

Lahadi, 15 ga Satumba, azahar

Yau ban tambayi lafiyar kifi ba.

Talata, 17 ga Satumba, bayan la'asar

Malam Jibo ya biyo ni gida da wani mutum mai na'ura kamar ƙaramar bindiga. Ya ɗora bakinta a kan tsibin gindin dogon yaro, ya duba, ya sake ɗorawa. Bai faɗa mini lambar ba, ban tambaya ba. Ya ce za a kankare ƙasar tsakar gida a kwashe har da tsakuwar, kada a ci ganye, kada a ci kifi, kuma duk wanda ya ci a auna shi, yara da masu ciki tukuna.

Gida bakwai na ba ganye. Na san su, don ina alfahari da su.

Inna ta ce za ta raka ni, na ce a'a. Na fara da Zinatu. Na same ta tana tsintar shinkafa, ta jawo mini kujera, ta fara tsokanata wai yau injiniya ta zo hannu rabbana. Na yi mata bayani da kalmomi masu sauƙi, a tsare, kamar ina gaban allo. Ta ajiye faifan. Ta ɗora hannu a kan cikinta, ba ta sani ba ma ta yi.

"Kin ce mani ya hi na kasuwa tsabta, Malama."

Na ce na faɗa.

"Kullum kina ce mani in ƙara, mai ciki na son ganye."

Na ce na faɗa.

Ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na samu abin riƙewa. Ta ce Allah ya tashi kafaɗar Nusaiba, ta ɗauki faifanta ta shiga ɗaki. Sauran gida shida sun fi sauƙi, a biyu ma an ɗaga mini murya.

Alhamis, 19 ga Satumba, tara na safe

Kifi.

Wata tsohuwa ta aiko a ba ta, wai zubar da abinci alhaki ne, ita kuma ta tsufa, guba ba ta da abin ci a jikinta. Tana da jikoki biyar a gidan. Zayyad ya ce a kai su gulbi a sake, ɗan masunta ba ya iya kashe kifi ya binne. Na ce sai wani ya kama su a Gummi ya kai wa innarka.

Ya haƙa rami mai zurfi a bayan katanga. Na zare wayar famfon, wannan karon ban mayar ba. Muka kwashe ruwan. Tarwaɗa ba ta mutuwa da wuri, wannan ne dalilin da ya sa na zaɓe ta tun farko. Zayyad yana bugawa, ina ƙirgawa, don ban san abin da zan yi da bakina ba in ban ƙirga ba. Modibbo ne na ƙarshe, ya ɓuya a kusurwa. Zayyad ya riƙe shi ya daɗe.

Arba'in da biyu, ko ɗaya bai mutu a hannuna ba cikin wata biyar. A jami'a da an ba ni maki mai kyau.

Inna ta tuge ganyen da kanta, ta hana ni taɓawa. Ta tsaya kan tumatir ɗin ta ce, "Ya yi kyau dai." Ita ke nan yabon da na jira.

Bayan gida ya yi tsit. Ban san ina jin ƙarar ruwan nan ba sai da ta tsaya.

Litinin, 23 ga Satumba, azahar

Anka. An cire mata ƙarin ruwa. Yanzu ƙwaya ce ake buɗewa a zuba a kunu, tana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Tana sha ba gardama. Nusaibar da na sani da sai an kira mutum uku.

Ta zauna da kanta. Hannun dama yana jinkiri. Ba ta ce komai ba tukuna.

Na tambayi likita ko magana za ta komo. Ya ce lambar tana sauka. Na ce ba lambar na tambaya ba. Ya ce yara suna ba da mamaki. Na san irin wannan amsar, ni ma na ba ɗalibai irinta.

Alhamis, 26 ga Satumba, la'asar

An auna gida bakwai. Lambobinsu ƙanana ne, har da na Zinatu. Malam Jibo ya ce ganye bai ɗauka da yawa ba, wanda ya zauna a kan tsibin yana sa dutse a baki shi ya kwashe.

Zinatu ta aiko Zayyad da ƙunshin yakuwa a yi wa Nusaiba miya. Wadda ta shuka a ƙasa, kusa da makwararar wanke-wanke. Na karɓa na dafa.

Asabar, 28 ga Satumba, bayan azahar

Na gaya wa Zayyad zancen ƙyallin da lemun tsami da tsibin. Mako biyu na bar shi yana ɗauke da kayan shi kaɗai, yana shigowa ɗakin nan kamar baƙo. Na ɗauka zai ji sauƙi, ko ya rama. Sai ya ce in ci abinci.

Talata, 1 ga Oktoba, goma na safe

Juma'a za a sallame mu, a ci gaba da magani a gida.

Ina shirya abin da zan ce mata in ta tambayi Modibbo. Zai zama abu na farko da za ta nema, na san 'yata. Na gwada: ya tafi Gummi gaishe da danginsa. Za ta ce a wace mota. Na gwada: ya tafi aikin hajji. Wannan ta fi, don za ta ɗauki lokaci, kuma ta dace da gashin bakinsa. Za ta ce zai kawo mata dabino? Zan ce zai kawo. Na tanadi amsa har ta tambaya ta biyar.

Juma'a, 4 ga Oktoba, bayan la'asar

Gida. An kankare tsakar gidan an zuba sabuwar ƙasa ja, wadda aka auna. Ƙasa dai. Tankin yana kife a bayan ɗaki.

Na sauke ta, ta taka a hankali, tana riƙe da bakin zanena. Muka zagaya baya, don gara a yi ta a gama. Ta tsaya gaban tankin. Ta ɗora tafin hagu a jikinsa. Na durƙusa, amsar hajji tana bakina.

Ba ta tambaya ba.

Lahadi, 6 ga Oktoba, bayan azahar

Mun ci tuwo da miyar yakuwa a inuwar dogon yaro, mu huɗu a tabarma ɗaya, abin da Inna ba ta taɓa yi da surukinta ba. Nusaiba ta ci loma shida da hannun hagu. Ta ce "ruwa" jiya, kalma ɗaya, Zayyad ya fita zaure ya daɗe.

Zayyad ne ya ba Inna labarin gado da gyatsa, ban san yaushe ba. Da aka gama ci, Inna, wadda ko tari ba ta yi a gaban namiji, ta gyara zama ta dubi jikarta, ta yi gyatsa. Babba, da gangan, irin ta tsoho bayan walima.

Ba wanda ya motsa. Nusaiba ta ɗago. Ta dubi bakin Inna, ta daɗe tana duba, leɓenta ya ɗan buɗe. Sannan ta mayar da ido kan kwano.

Muka jira har ƙuda ya sauka a tuwon.

"Alhamdu lillahi," in ji Inna, da kanta. Ta jawo yarinyar ta ɗora a cinya, ta miƙo mini kwanon ba tare da ta dube ni ba. "Ɗauke, Habsu."